Muƙamuƙin Jaki a Lakol ɗin Gidan Jatau

Akwai laifin da alƙali ba ya zama a kansa, amma ba ya tafiya a banza: mutum ya toshe wa yaro bakin tambaya. Wanda ya hana ɗa cewa "ban gane ba", ƙarya ya koya masa, ko ya sani ko bai sani ba. Mutanen da sun ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. To, ta Gidan Jatau ta yi ƴaƴa, kuma gidan wanda ya shuka ta aka fara kai wa.

Gidan Jatau ƙauye ne tsakanin Gangara da Gazawa. Lakol ɗinsa, wato makarantar boko, ɗaki ɗaya ne na laka, da yara arba'in da uku, da malami guda, Mushe Hashimu. Kada a zalunce shi: ba rago ba ne. Shi ke riga kowa zuwa, shi ke share allo, kuma a shekarar farin nan ta saba'in da huɗu sau da yawa ya raba ƙunshin garin rogonsa da yaran da suka zo da ciki wayam. Amma a jikin wata ƙusa kusa da allo akwai muƙamuƙin jaki rataye da igiya, haƙoransa sun yi rawaya. Sambol ake ce masa. A kowane lakol na wancan zamani, yaron da ya kuskure ya yi Hausa a aji shi ake rataya wa, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala biyar.

Mushe Hashimu ya ƙara tasa doka a kan ta gwamnati. A ajinsa, duk wanda ya ce bai gane karatu ba, shi ma ya ɗauka. Haka aka yi masa a Maradi yana yaro, kuma ga shi ya zama mutum. Yakan ce harshe ya fara sabawa tukuna, ma'ana za ta biyo baya da kanta kamar ɗan akuya bayan uwarsa.

Saboda haka yaran suka iya karatu, irin wanda ake ji daga bakin rijiya. In ya buga sanda a tebur sai su ɗauka gaba ɗaya, Faransanci na zuba kamar ruwa a indararo. In ya tambaya ko sun gane, murya arba'in da biyu ta ce, "Wi, Mushe."

Ta arba'in da ukun ita ce Cima, jikar wata tsohuwa Tata. Mutanensu makiyaya ne da, daga arewa, kakanninsu suka zauna suka kama fartanya. Cima ba ta da saurin baki. Takan ɗora yatsa a kan kalma ta tsaya, kamar mai tsallaka rafi tana taɓa dutse kafin ta taka. In kalmar ta ƙi ta, sai ta ɗaga kai ta ce da Hausa, "Mushe, wannan mi take nufi?" Laifi biyu a numfashi ɗaya. Igiyar sambol har ta yi mata kanta a bayan wuya, yara suka sa mata suna Mai-muƙamuƙi.

Na ɗaya a aji kuwa ɗan Mushe ne na cikinsa, Mahamane, mai shekara goma sha ɗaya. In ya miƙe da littafi, ba ya tuntuɓe, ba ya haɗiyar yawu. Uban yakan juya baya ya dubi taga don kada a ga daɗin da ke fuskarsa.

Wata rana Tata ta zo da sandarta ta tsaya a ƙofar aji har aka tashi.

"Mushe, ina gajiya? Na zo ganin jakin da ake rataya wa jikata. Na ce ko mai rai ne, mu samu na ɗaukar ruwa."

"Iya, doka ce. Ba ita kaɗai ba."

"Na ji. Jiya ta dawo tana zuba mini yaren Nasara, na ce mi kika ce, ta ce ita ma ba ta sani ba. Na kira ɗan maƙwabta, shi ma haka. To ni tsohuwa ce, ka gafarce ni: tulun nan cika shi kuke, ko kaɗa shi kuke a ji ƙara?"

Mushe ya gyara tsayuwa. "Ma'ana tana zuwa daga baya."

"In ta makara fa?" Tata ta dogara sandarta. "Mu can wajen kiwo, maraƙin da bai san hanyar rijiya ba, ba dukansa ake ba. Gaba ake shiga, ya bi."

"Kiwo daban, lakol daban, Iya."

"Haka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba da sa'a."

Ta tafi. Ya bi ta da kallo yana jin haushi, haushin da mutum ke ji in an taɓa masa wurin da ya san akwai ƙurji.

Ran nan da la'asar yana zaune a tsakar gida, matarsa Gimbiya tana sauya ruwan anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ƙaramar ƴarsu Habi, mai shekara uku, ta ɗauki littafin wanta a juye tana ta yi masa gwalan-gwalan, can ta ɗaga kai ta ce, "Wi, Mushe." Har Gimbiya sai da ta yi dariya. Mahamane ya karɓi littafinsa, ya matso kusa da uban, yatsansa a kan wani layi.

"Baba..."

"Mene ne? Ko kai ma ka koma ɗan ajin Mai-muƙamuƙi?"

Yaron ya janye yatsa. "A'a. Ba komai."

"Yawwa. Ɗan Mushe ba ya tambayar jakuna."

Da wasa ya faɗa, har ya shafa masa kai. Amma magana zarar bunu ce.

Shekara ta biyu ke nan sama ba ta yi abin kirki ba. Rumbuna sun zama ɗakunan ɓeraye, ɓerayen ma sun yi ƙaura. Mata na tona gidan tururuwa suna sheƙe abin da suka samu. Hanyar Gangara gawar shanu ce dama da hagu, fata a kan ƙashi, ungulu ta ƙoshi har ta daina tashi. Albashin Mushe yana zuwa, amma takarda ba ta tuƙuwa, kasuwar Cadawa kanta masu saye sun fi masu tiyar awon hatsi yawa. Abin da ya riƙe ran mutane shi ne jar dawar taimako da motoci ke kawowa jefi-jefi. Da farko an ƙi ta, an ce launinta ba na abincin mutane ba ne. Da yunwa ta yi yunwa, har faɗa aka yi a kanta.

A cikin wannan hali sufeton makarantu ya zo. Mushe ya aiki Cima ɗebo ruwa tun da hantsi, ya tsayar da Mahamane ya karanta shafi biyu. Sufeto ya girgiza kai don mamaki. Bayan wata ɗaya takarda ta zo: ana kiran Mushe Hashimu Gazawa taron malamai na kwana uku, a ba shi takardar yabo, ya kuma nuna wa ƴan'uwansa yadda ake koyar da karatu. Ya goge kekensa, ya sa farar rigarsa. Habi ta biyo shi har zaure tana kukan a ɗauke ta. Ya ce zai kawo mata ƙuli-ƙuli.

Abin da ya faru a bayansa, daga baya ya tattara shi a bakin mutane, kuma ga yadda aka yi.

A rana ta biyu da tafiyarsa, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar maigari Gado ta sauke buhu goma sha biyu. Ɗan buro, wato ma'aikacin gwamnatin da ya rako kayan, ko saukowa bai yi ba, ƙauyuka takwas na jiransa. Ta taga ya ce, "Iri ne. Ku jira ruwa." Mota ta wuce.

Aka kwance buhu ɗaya. Gero ne, manyan ƙwaya, amma ja, kuma jan yana kama hannu. Kwana goma sha tara rabon garin da jar dawa. Mutane suka yi da'ira suna kallo.

"Iri ne, mun ji," in ji maigari. "Amma wanda ya mutu kafin ruwa, wa zai shuka masa?"

Wani ya ce jan nan bai kwanta masa ba. Wani ya ce ai jar dawa ma haka aka ƙi ta, ga shi ita ta raya su. Sai maigari ya lura da rubutun da ke jikin buhu, layi uku, na ƙasan da manyan baƙaƙe.

"Muna da lakol a garin nan muna gardama? A kira ɗan Mushe."

Mahamane ya zo. Ya tsaya a gaban buhun yadda yake tsayawa a aji, ƙafa a haɗe, ya karanta layi ukun nan tas, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Dattawa suka ce tubarkalla, ɗan Nasara ma iyakar abin da zai yi ke nan.

"To, mi ya ce?" in ji maigari.

Yaron ya dubi buhun. Ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, iyayen abokansa, da liman, da matan da ke leƙe ta kan danga da yara a baya. Ya dubi hanyar Gazawa. A duk rayuwarsa ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba.

"Ya ce gero ne mai kyau. Kyauta ce daga ƙasar waje."

"Ana ci?"

"Ana ci."

Cima ta kutsa ta tsakanin ƙafafun manya, ta ɗora yatsa a kan layin ƙasa tana motsa leɓe. Ta daɗe.

"Baba maigari, ni ban gane ba. Na ga kalmar gero. Amma waɗannan manyan ba mu taɓa yin su a aji ba."

"Af, ashe Mai-muƙamuƙi ce," in ji wani saurayi. "Ke da kika gane, ai da jaki ya huta."

Aka yi dariya, ta farko da garin ya yi cikin watanni. Mahamane bai yi ba. Kansa na ƙasa. Aka shiga rabo, kowane gida tiya biyar.

Tata ta karɓi nata ta ƙulle a zane, ta ce wa jikarta, "Ke uwar tambaya, ɗauko allonki ki kwafe su yadda suke." Cima ta kwafe da alli, baƙi bayan baƙi. Suka kama hanyar Gangara da rana tsaka, tsohuwa da sanda, yarinya riƙe da allo nesa da jikinta don kada gumi ya goge. Tafiyar sa'a uku ce ga mai ƙoshi. Likitan Gangara ya dubi allon sau ɗaya, ya tambaye su gida nawa aka raba wa, ya fita neman aron doki ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Ya iso Gidan Jatau bayan la'asar. Gida bakwai sun riga sun ci. Na farkonsu gidan Mushe.

Washegari da hantsi Mushe Hashimu ya shigo gari a kan kekensa, takardar yabo a aljihun gaba, ƙuli-ƙuli a ƙulle a hankici. Tun daga nesa ya hangi tabarmi a ƙofar gidansa da maza zaune. Ya sauka, ya riƙe keken, ya kasa jingine shi.

Maigari ya taso ya kama hannunsa. "Mushe, sai haƙuri. Habi ce. Mun kai ta ɗazu. Zafi ya hana a jira ka."

Yara uku aka binne a safiyar, da wani tsoho. Sauran sun yi ta amai da karkarwa, likita ya yi abin da zai iya, Allah ya yi da sauran kwanansu. An tara buhunan a gindin iccen bedi an ɗora musu ƙaya. Mushe ya je ya tsaya a kansu. Cikin ƙiftawar ido ɗaya ya karanta: iri ne da aka cuɗa da guba saboda ƙwari, kada mutum ko dabba ya ci. Kalmomi ne da zai iya fassara wa yaro kafin a shanye ludayin fura.

Ya shiga gida. Gimbiya na zaune a ƙofar ɗaki ta jingina da bango, leɓunanta sun bushe, mata biyu na gefenta. Da suka gan shi suka tashi. Tafin hannunta har yanzu da sauran ja.

"Sau uku na wanke shi," ta ce, ba ta dube shi ba. "Kamar anza. Ruwan na fita ja. Zuciyata ta ce kada. Na ce mata, ke kin fi ɗan Mushe sani? Kwana biyu yarinyar nan tana kukan kunu." Ta juya hannunta tana kallo. "Ni ban yi lakol ba, Malam. Na tambayi wanda ya yi."

Mahamane na kwance a ɗaki a kan tabarma, ya rame kamar an matse shi. Da ya ga uban sai ya yunƙura ya miƙe, yana dafa bango, ya haɗe ƙafa ya harɗe hannu a ƙirji.

"Kwanta," in ji Mushe. Yaron bai kwanta ba. "Ka karanta abin da ke jikin buhun?"

"Wi, Mushe."

A cikin ɗakin uwarsa ya ce masa Mushe. Uban ya ji abin har cikin ƙashinsa.

"Ka gane shi?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Don me ba ka ce ba ka gane ba? Kalma uku, Mahamane. Don me?"

"Kowa na wurin," in ji yaron a hankali. "Za su ce ɗan Mushe jaki ne."

"To shi kaɗai ne ya gagare ka? Sauran karatun ai..."

"Ban taɓa ganewa ba." Ba kuka a muryarsa, kamar mai ba da hadda. "Ko wanda na yi wa sufeto. Ina jira ne ta biyo baya, yadda ka ce."

Mushe Hashimu ya zauna a ƙasa, da farar rigarsa. Takardar da ke aljihunsa ta yi ƙara da ya sunkuya.

Ran sadakar uku Tata ta zo gaisuwa. Ta durƙusa daga nesa ta ce Allah ya jiƙan Habi, ya sa mai ceto ce. Ba ta ƙara ko kalma a kan abin da ya wuce ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Da za ta tashi ya ce, "Iya, in an koma, a turo mini Cima. Zan gyara."

Tsohuwa ta dafa sandarta. "Ɗan nan, ba don fushi ba, amma ba za ta koma ba. In ta ga ƙofar ɗakin can, wuyanta take shafawa. Likitan Gangara ya ce a kai ta gidansa ta zauna da iyalinsa, ta yi lakol a can. Ya ce yana son yaro mai tambaya."

Bayan addu'ar bakwai ƴan'uwan Gimbiya suka zo daga Tibiri suka ce za ta je ta huta. Ta ɗaure kayanta duka, har turmi. Mahamane ya bi ta. Ya bar littattafansa a jere a kan taga, babba a ƙasa, ƙarami a sama.

Ruwa ya sauka a watan bakwai. Aka shuka jan irin, ya kuwa fito kamar an ja shi da hannu, ƙwaro bai taɓa ko ƙwaya ba. Shekarar an ci sabon gero a Gidan Jatau, kuma ba wanda ya ci bai tuna ba.

Da aka koma lakol bayan damina, yara tara suka zo. Gidajen da suka yi rashi ba su turo ba, waɗansu sun bi sahunsu. Mushe ya cire muƙamuƙin jakin a gabansu, ya fita ya jefa shi cikin tsohuwar rijiya. Ya dawo ya rubuta layi ɗaya tak a allo. Ya karanta, sa'an nan ya buɗe baki ya fassara shi da Hausa, karo na farko da bangon ɗakin ya ji Hausa daga bakinsa ba tare da bulala ta biyo ba. Ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya kawo misali da akuya, ya kawo da rijiya. Da ya gama ya ajiye allin.

"Wa bai gane ba? Ya faɗa. Ba abin da za a yi masa."

Yaran suka dubi juna. Suka dubi ƙusar da ke kusa da allo. Ba komai a jikinta, amma ita suke kallo.

"Don Allah," in ji Mushe Hashimu. "Ko mutum ɗaya."

Murya tara ta tashi gaba ɗaya, a tsabtace, yadda ya koya musu: "Wi, Mushe. Mun gane."

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shi ya tanƙwara waɗannan da hannunsa.

Ga abin da ya fita daga hannun Mushe Hashimu a shekarar jan iri. Ɗiya ɗaya, mai shekara uku, tana maƙabartar gabas da gari. Mata ɗaya, ta tafi Tibiri hutawa, ba ta dawo ba. Ɗa ɗaya, yana raye, ya zama manomi, kuma har ya yi furfura ba a sake ganin ya ɗauki takarda ya karanta a gaban mutane ba. Ɗalibai talatin da huɗu cikin arba'in da uku, har da guda ɗayan da ta taɓa tambayarsa wani abu. Abin da ya rage masa: keke, da takardar yabo mai hatimi, da ƙuli-ƙuli biyar a ƙulle a hankici.